Inna Ta Fita da Kwano

Gwangwanin bai yi ƙara ba, shi ne kawai abin da ya cuci Saudatu ran nan.

Ai kun san dabararta. Gwangwanayen madara ta huda ta zuba tsakuwa, ta ɗaure a ƙyauren zaure, ko kaza ta taɓa sai an ji. To ashe Inna ta gano. Tsohuwar da ba ta iya tuna ko ta ci abinci, wallahi ita ce ta kwance igiyar a hankali ta ajiye su gefe. Saudatu ta fito daga wanka bayan la'asar, ta leƙa ɗaki, ba Inna, ba kwanon tuwo.

Nan take ta gane. Gona Inna ta nufa, za ta kai wa Baba abinci, Baban da ya daɗe a kabari.

Dama tun da aka tare motar su Yaya Maharazu a hanyar Sheme aka shige daji da su, har aka gaji da jira aka yi mashi sadaka, kan Inna ya fara kwancewa. Yanzu ba ta san Saudatu ɗiyarta ce ba, "yarinyar gidan nan" take ce mata. Kunya ma ta tafi. Liman take kira yaro, sunan Baba kuwa gatsal take faɗa, Yahuza kaza Yahuza kaza, mata na rufe baki.

Kuma gonar, ku ji fa, can bayan Mabai take, gefen da bana ko mazan ba su noma ba. Ko'ina sai ciyawa ta fi mutum.

Saudatu ba ta tsaya neman kowa ba. Hijabi kawai ta zura ta kwasa da gudu, tana bin sawun silifas a laka, ƙafa ɗaya na jan ƙasa yadda Inna ke yi. Tana son ƙwala kira, tana tsoron wa zai amsa.

Ƙarƙashin wata ɗorawa ta same ta, zaune, kwano a cinya, silifas ɗaya ya cire.

"Inna, tashi, biki ake yi a gida, ke ake jira."

Da wannan ƙaryar take maido ta kullum. Ta kuwa fara miƙewa.

Sai ƙarar mashin.

Ba ta ɗan acaɓa ba. Duk wanda ya tashi a yankin nan ya san bambancin. Kafin Saudatu ta ja ta cikin ciyawa har sun fito, mashin biyu, mutum uku, rawani ya rufe fuska sai ido, bindigogi rataye a kafaɗa. Saudatu ta yi Innalillahi a ranta.

Inna kuwa ko a jikinta. Ta dubi na farko ta washe baki.

"Lawwali, kai ne? Ina uwarka, ta warke?"

Ya yi dariya, irin wadda ba daɗi. Ta juya kan na biyu.

"Kai kuma ba ka wanka ne? Dubi wuyanka!"

Wannan bai yi dariya ba. Ya sauko yana kallon Saudatu tun daga sama har ƙasa, ya ce, "Tsohuwar ba ta da amfani. Ke, hau."

Saudatu ta riƙe zanen Inna gam. Abin da ke ranta ba kanta ba ne wallahi. In aka tafi da ita, wa zai maida Inna gida? Ko hanyar ba ta sani ba. Nan za ta zauna da kwanonta har kura ta zo.

Sai na ukun ya sauko daga bayan mashin. Dogo, siriri, tun zuwansu bai ce uffan ba. Ya tako har gabansu.

Inna ta dube shi sau ɗaya. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya mashi baya. Saudatu ta ce a ranta shi ke nan, yau har Inna ta ji tsoro, wannan shi ne mugun cikinsu.

Bai kalli tsohuwar ba shi ma. Ya sa bakin bindiga ya turo silifas ɗin nan kusa da ƙafarta. Ya koma ya ja na biyun gefe, suka yi ƙus-ƙus, murya na tashi tana sauka, har ya dafa mashi ƙirji ya tura shi baya. Daga nan ya ɗaga hannu ya nuna wa Saudatu hanyar gari.

Ba ta san sadda ta goya Inna ba. Gudu take tana faɗuwa, tana jiran jin harbi a bayanta, har rufin kwanon masallacin Mabai ya bayyana. Nan ta sauke ta, ta zube tana haki, tana alhamdulillahi ba ƙaƙƙautawa.

Akwai abin da suke yi kullum in rana ta yi sanyi, don hankalin Inna ya kwanta. Saudatu ta kama hannunta.

"Inna, yau me muka gode wa Allah da shi?"

Da ruwan sama take cewa, ko goro. Yau sai ta sunkuyar da kai.

"Ya rame. Yarinyar gidan nan, ki kai mashi tuwon nan."

"Wa, Inna?"

"Wancan yaron."

"Wane yaro? Lawwali?"

Inna ta harare ta, harara ta mai cikakken hankali.

"Ke, ba ki da kunya? Ni zan faɗi sunanshi? A ina kika taɓa jin uwa ta kama sunan ɗan fari?"

To ku faɗa mani, in ku ne Saudatu, da kun shiga gari za ku ce wa mutane Yaya Maharazu na da rai?