Biyar a Gidan Halliru

Hantsi ya ɗaga, masu ƙidaya sun iso gida na biyu kafin nasu. Raliya tana jin muryar malamin ta bayan danga, yana ƙirga bayin Allah da bakin Nasara kamar mai ƙirga awaki. Ta ci gaba da daka, taɓarya tana zame mata don gumi.

A lokacin Turawa ba su daɗe da raba Illela da Ƙonni ba. A wancan gefen Faransa na kwasar maza aikin tilas, wanda aka kwasa kuwa ba lallai a sake ganinsa ba. Maza suka dinga tsallakowa. Sai labari ya iso garinsu Raliya, Araba, cewa za a bi gida gida da littafin bara, duk inda aka sami ƙarin mutum, a sa masa igiya a mayar da shi inda ya fito.

Mutanen Araba ba su san ko bihim a boko ba, amma tsoro ya koya musu kalma uku. In malam ya ce fulas, an sami ƙari ke nan, wani zai sha igiya. In ya ce mainas, an sami ragi, sai a yi ta tambayar ina wane. Total kuwa jimla ce. In ta zo daidai da ta bara, sai a naɗe littafi a wuce.

Littafin bara ya ce mutum biyar ne a gidan Halliru: shi, da matarsa Raliya, da uwarsa Umma, da yara biyu. Ga shi kwana huɗu ke nan Maccido, ƙanen Raliya, ya faɗo gidan daga Ƙonni, ƙafa duk ƙaya, kafaɗa ta sale da ɗaukar dutse. Shi kaɗai ya rage mata a ɗakinsu.

Aka yi sallama. Malam Maharazu ya shigo, littafi a hammata, wani tsohon dogari na biye da igiya a wuya. Ba wannan malamin ne ya zo bara ba. Littafin dai shi ne na bara. Maƙwabta suka jeru a bakin danga, ba mai ko tari.

"Kowa ya hito hili," in ji dogarin.

Umma ta fito tana dogara sanda, idonta jajir. Yaran suka ƙanƙame zanen uwarsu. A gindin kuka, kan tabarmar maigida, mai shuɗiyar riga yana zaune yana tufka igiyar kaba, kansa a sunkuye.

Raliya ta rasa inda za ta ajiye idonta, sai ta ajiye shi a kan rumbu. Dogarin ya gani. Tsoho ne, ya daɗe yana wannan aiki.

"Mi ke cikin rumbunga, uwar ɗiya?"

"Gero na."

"Geron da aka yi ma kallo haka, shina da baki."

Ya hau tsani, ya ɗaga murfin, ya zura sandarsa har gindi. Ya caka nan, ya caka can. Ƙaramar yarinyar ta buɗe baki za ta yi magana, kakarta ta danne mata kai a cinya. Dogarin ya sauko da ƙaiƙayi a gemu. Ya leƙa ɗaki biyu, ya ɗaga tabarmi, har randa ya leƙa. Ba kowa.

Malam Maharazu ya lashi yatsa ya buɗe shafi. Ya nuna Umma da alƙalami. "Wan." Ya nuna yaran. "Tu. Tiri." Ya nuna Raliya. "Fo." Da ya juya wajen tabarma sai ya tsaya. Ya dubi rigar, wadda hannunta ya rufe har yatsun mai ita. Ya daɗe yana kallo.

"Ke," ya ce, "mi sunan wanga?"

Sunan yana nan a rubuce gabansa. Kalma ɗaya ce za ta faɗa a wuce wurin. Raliya ta buɗe baki, harshe ya ƙi. Ta ja mayafi ta rufe fuska, hawaye suka zubo.

"Ba ki ji ba? Na ce mi sunanai?"

Dogarin ya kwance igiya daga wuyansa, ya dube ta, ya dubi mai rigar. Sai ya ƙyalƙyale da dariya.

"Haba Malam, boko ya ɓata ka! Ina ka taɓa jin ɗiyar mutunci ta kama sunan mijinta na hwari? Ga shi ka sa ta kuka. Tambayi uwar."

Umma ta ce, "Halliru na. Ɗana."

Malam ya ji kunya, ya yi sauri ya ja layi a littafi. "Faif. Total biyat, daidai da bara. Mu tai."

Ba wanda ya motsa sai da muryoyinsu suka yi nisa. Sannan Umma ta zube a ƙasa ta saki kukan da ta riƙe tun safe. Raliya ta shiga ɗaki ta ɗauko zanen takaba daga ƙarƙashin gado ta mayar a jikinta. A gindin kuka Maccido ya tuɓe rigar a hankali don kada ta goge masa kafaɗa, ya ninke ta, ya ajiye a gaban tsohuwar, don mai ita, Halliru, kwanansa tara ke nan a kabari.