Matar Bakin Gada

"To, me suka koya maka a Turai?" in ji mahaifiyarsa, tana zuba masa faten acca a tsakar gidansu na Sabon Tasha.

Zango guda ya yi can yana karatun tarihin zane-zane. A makon ƙarshe malamarsu ta haska musu wani shahararren hoto: mace durƙushe a bakin gadar Kaduna ranar rikici, rungume da gawar yaro. Ta ce su rubuta sharhi a kan kyawun haske da inuwa. Ya rubuta, ya fi kowa maki.

"Ka yi shiru. Ko ka faɗi ne?"

Ya dubi matar da har yau ba ta san an ɗauke ta hoto ranar da ta rungumi ƙaninsa ba.

"Na ci, Mama."