Madara Mai Gishiri a Birnin Sin

Ka ce kasuwa ta juya maka baya, wai mutane ba su san abu mai kyau ba. To, gyara zama in ba ka misali.

Can arewacin ƙasar Sin, inda ciyawa ta fi bishiya yawa, an yi wani makiyayi mai 'yan shanun gado. Shekarar ta zo da fari, ga sanyi mai ƙanƙara na tafe, ba harawa, mahauta har sun fara zagaya garkensa suna latsa cinyoyin shanu. Ana nan sai labari ya iske shi cewa mutanen birni, waɗanda suka tashi da ruwan waken suya, yanzu kowa madarar shanu yake nema wa ɗansa. Ya ce in birni ya sayi nononsa, shanun sun tsira daga wuƙa. Sai ya haɗa kaya irin na karrama baƙo a wajensu: madara dafaffiya da ganyen shayi da gishiri, da busasshen cuku mai tsami wanda sai mai haƙorin kirki. Ya shiga birni ya kafa tebur a gindin wasu dogayen benaye. Mutane su zo, su kurɓa, su yi murmushin kara, su wuce. Gogan naka ya cika ya yi fam, kullum ya koma gida da kayansa yana cewa 'yan birni ba su da harshe. Ka san a garinsu madarar da ba gishiri ta maraƙi ce, wanda ya miƙa wa baƙo ita ya ci mutuncinsa. Shi a ganinsa girmama su yake yi.

Wata safiya ya ɗora tukunya ke nan, bai kai ga zuba gishiri ba, sai ga wata tsohuwa za ta raka jikarta makaranta. Ta ce, "Ɗan nan, ɗumama mata haka nan, kada ka sa komai." Kunya ta kama shi kamar ya nutse, amma da ya tuna mahautan nan sai ya zuba madarar ba gishiri ya miƙa yana kau da kai. Yarinya ta shanye tas, ta sake miƙo kofi. Tsohuwa ta ce ita ɗanyar madara murɗa mata ciki take yi, ko yana da mai laushi wadda ta kwana? Nan fa ya tuna kindirmo, abin da a gidansu ba a ɗauke shi a bakin komai ba, hanya ce kawai ta zuwa cuku. Washegari ya kawo shi a ƙananan tukwanen ƙasa, da ɗan zuma a kai. Tsohuwa ta gaya wa maƙwabciya, maƙwabciya ta gaya wa bene guda. Kafin ƙanƙara ta sauka, da kuɗin cinikin ya cika rumbu da harawa, mahauta suka gaji da sintiri suka nemi wani garken. Ranar da ya ga shanunsa na tuƙa cikin sanyi, ba wadda ta ɓace, sai da ya yi hawaye don daɗi. Gishirin kuwa bai daina ba, a kofinsa yake zubawa, ya sha abinsa.

Shanun nan dai su ne, nonon ma shi ne, hannun mai shi ne ya sauya. Shi ya sa Hausawa suka ce, idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.