Tsakiyar Kakata

Tsohon Ba'indiyen da nake sayen shinkafa a shagonsa a Greensboro ta Amurka ya ajiye ledata, ya ƙura wa wuyana ido.

"Madam, ina kika samo jan dutsen nan?"

"Tsakiyar kakata ce, daga Kano. Ita nake sawa idan kewar gida ta dame ni."

Ya ce a garinsu, Khambhat, ake goge irinta. Ya shiga ba ni labarin kasuwar duwatsu, da tsohon masallacinsu, da alewar da baƙi ke tsayawa ci a bakin titi.

"Ko zan iya taɓawa? Babana haka yake huda su."

Na cire na miƙa masa. Ashe shekara da shekaru garin wani nake ratayawa a wuyana ina kewar nawa.