Mai Gudun Hayaniya

Tunda ka ce unguwarku ta ishe ka, har kana cigiyar fili a bayan gari, bari in ba ka misalin wani mutum. Shi ma hayaniyar cikin gari ce ta hana shi barcin rana. Sai ya ji an yanka filaye a wata tsohuwar gonar dawa, an ja tituna samɓal kamar da zare, an ware filin wasan yara, an kuma kafa doka: ba shago, ba kiwo, ba sana'a a ƙofar gida. Ya saya, ya gina, ya tare. Shirun wurin nan, in ƙadangare ya haɗiyi yawu a layin farko, sai an ji a na ƙarshe. Illa dai matarsa sai ta hau mota kafin ta markaɗa waken alale. Mutumin ya ce wannan ai wahala ce, ya ɗan fasa katangarsa ta bakin titi, ya kafa injin markaɗe, wai na gida ne kawai. Kafin damina ta zagayo, robobin unguwa sun yi layi a ƙofarsa. Mai tattasai ya ga layi, ya shimfiɗa buhu. Mai shayi ya ga mai tattasai, ya kafa tebur. 'Yan babur suka bi mai shayi, filin yara ya koma tasha. Maƙwabcin da ya ga an fasa katanga ba a ce uffan ba, shi kuma ya kawo raguna.

Barcin rana ya sake ƙaura. Mutumin ya kwanta ya juya, ya tashi ya kewaya tsakar gida, ya leƙa titi yana tsaki, yana cewa mutanen yanzu ba su san doka ba. Sai ma ya ɗaga murya ake jin sa, don ƙarar injinsa. Da ya ji an yanka wasu filayen can inda kwalta ta ƙare, ya sayar da gidan, ya kira babbar mota. Ana loda kaya, mai shayi ya ga ana ɗaure injin a kan katifu, ya ce, "Alhaji, har da wannan za a tafi?" Ya ce, "To ai can babu mai markaɗe ko ɗaya." An ce yanzu ya kusa kan iyaka, yana nan yana neman inda zai runtsa. Kai ma duba kayanka kafin ka kira mota, don Hausawa sun ce gwano ba ya jin warin jikinsa.