Sabuwar Sandar Lonnie

Sau uku Merle Tackett ya canja tayen wuyansa a safiyar nan, kuma har ya isa kotu gani yake an cuce shi. Mutum ɗan shekara hamsin da huɗu, gashi cif a ka, a ce ranar farko da hotonsa zai fito a jarida sai a ƙofar kotu? Shekara goma sha tara yana tsugune bayan masu bugu a wasan sofbol na ranar Lahadi, wasan nan da ake jefo ƙwallo a buge ta da sanda, yana cafe ƙwallo har gwiwoyinsa suka gama aiki, ba wanda ya taɓa zuwa da kyamara.

Alhali shi ne gishirin filin. Wa ya zuba wa fasto barkono a safar hannu? Wa ya tura sabon ɗan wasa har bakin titi wai matarsa na kiransa, ita kuwa tana gida tana barci? Merle. In ba don shi ba, ai wasan nan taron masu tumbi ne kawai da giya a akwatin ƙanƙara.

Yau dai ba dariya. Rafali Orval Pruitt, ɗan shekara sittin da bakwai, yana zaune gefen lauyansa. Dokar jihar ta ce wanda ya ga ajali ya nufo shi ba dole ba ne ya ja da baya, yana iya kare kansa a inda yake tsaye. In mai shari'a ta yarda abin da ya faru ke nan, Orval zai kwana a gidansa. In ba ta yarda ba, shari'ar kisan kai ce, kuma a shekarunsa daga kurkuku sai maƙabarta.

Kowa a garin ya san tarihin. Shekara uku da suka wuce wani ɗan wasa ya bi Orval wurin ajiye motoci ya fasa masa muƙamuƙi da sandar bugu. Tun daga nan bindiga ba ta barin jakar da yake ratayewa a jikin wayar shinge. Ko ƙarfe aka buga a bayansa sai ya zabura kamar an jona masa wuta. Merle ya sha gwadawa.

Ranar da abin ya faru, zafi kamar ya narka kwalta. Lonnie Babcock, ƙaton makanike mai 'ya'ya mata uku, ya yi wa Orval tsawa a kan wani hukunci. Bayan zagaye biyu, Orval ya je shinge shan ruwa, ya ba fili baya. Lonnie ya zo wurin bugu, ya tsaya jim kaɗan, sai ya juya ya doshi shinge da sanda a hannu. Orval ya waiwayo ya ga ƙato taku uku tsakaninsu. Harsashi ɗaya, a ƙirji.

An ajiye sandar a kan teburin kotu. Sabuwa ce fil, kyautar ranar haihuwa daga matarsa Darla. Ko koren tambarin da rafali kan manna wa sandar da ya duba bai hau kanta ba tukuna.

Aka kira Merle ya ba da shaida. Ya ɗaga hannu ya yi rantsuwa, ya gyara gashinsa.

"Marigayin ya zagi rafali a ranar?" in ji lauyan Orval.

"Ya ce masa makahon tsoho. To amma, ranki ya daɗe, wa bai taɓa faɗa masa haka ba? Ni kaina duk Lahadi."

Ya ɗan jira dariya. Ba ta zo ba. Mutanen kotu ba su san abin arziki ba.

"Ya nufe shi da sanda?"

"Ya nufe shi."

"Orval ya ce ya tsaya?"

"Sau ɗaya. Da ƙarfi."

Lauyan gwamnati ya miƙe ya tambayi yadda Lonnie ya riƙe sandar. Merle ya ce ta wajen kaurin, mariƙin yana gaba. Lauyan Orval ya ce sanda sanda ce, ta ko'ina aka riƙe ta tana fasa kai, kuma tsohon da aka taɓa fasa wa fuska ba zai tsaya nazarin riƙo ba. Aka wuce wurin.

Duk abin da aka tambayi Merle ya amsa, kuma ko ƙarya ɗaya bai yi ba. Wannan kam ko a gaban Allah zai maimaita.

Da la'asar mai shari'a ta yanke: kare kai ne. Orval ya kifa kai a tebur ya fashe da kuka. A takardar kotu, Lonnie Babcock ya tabbata mutumin da ya kai wa dattijo hari da makami, kuma abin da 'ya'yansa za su tashi su karanta ke nan.

A baranda Darla ta tare Merle. Idanunta sun bushe ƙaƙas.

"Merle, ka san shi tun yana yaro. Baki ne da shi kawai, ko kare bai taɓa duka ba. Kai ne kusa da shi. Don Allah, me ya ce kafin ya tafi wurin?"

"Haba Darla, da wannan hayaniyar? Ga abin rufe fuska a kaina. Ban ji komai ba, 'yar'uwa."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta gyara masa tayen da ya karkace, ta ce ta gode da ya zo.

A mota ya kunna rediyo, ya ƙure murya, amma bai hana shi ji ba. "Na gode, ɗan'uwa," abin da Lonnie ya ce ke nan, yana murmushi, sa'ad da Merle ya ɗaga abin rufe fuskarsa ya raɗa masa cewa rafali ya ce ya kai masa sabuwar sandar ya duba yanzu-yanzu, don kawai a ga yadda tsohon zai zabura a yi dariya.