Gidan Maraya

Tun ranar da Auta ya sayi gida, kunnen kowa bai ƙara hutawa a shagon walda ba. Ko guduma zai miƙo maka sai ya ce, "Karɓi daga hannun mai gidan haya."

Gidan yana can wata jiha, tafiyar wuni guda a mota. Auta bai taɓa ganinsa ba sai a hoton waya: ɗaki huɗu, rijiya, sabon fenti. Yayansa ne ya samo masa.

"A nan kuɗinka ko banɗaki ba za su gina ba," in ji Yaya. "Can kuwa gida kamar kyauta. Mai shi maraya ne, a matse yake."

Shekara tara Auta yana tarin kuɗin nan, tartsatsin wuta na cin idonsa. Bai nemi shawarar kowa ba. Wa zai tambaya bayan Yaya? Shi ya riƙe shi tun rasuwar Baba, kafinta mai bin kwangila gari-gari, mutumin da ke kafa sakatar ƙofa daidai gwiwa, wai don autansa ya iya buɗewa. A wurin aiki Baba ya cika, Auta yana ɗan shekara goma. Yaya ne ya je ya kwaso kayansa: akwatin aiki da rediyo.

"Abin da ya bari ke nan," ya ce. Ya bar wa Auta rediyon.

Da takardar ciniki ta zo, Auta ya rattaba hannu a inda aka nuna masa, tafin hannun Yaya a shimfiɗe a kanta kada iska ta ɗauka. Dama shi karatu in ya wuce layi uku, kansa yake sarawa. A watan Yaya ya yi mota. Auta ne ma ya fara wanke masa ita.

Kuɗin haya suka riƙa zuwa ta hannun Yaya, ba fashi. Duk lokacin da Auta ya ce zai je ya ga abinsa, sai Yaya ya ce hanya ba kyau, ya bari damina ta wuce. Damina biyu ta wuce. 'Yan shago suka laƙa masa Mai Gidan Hoto.

Wannan sunan ne ya hana shi sakat. Ran nan ya hau mota bai gaya wa kowa ba, da niyyar ya tsaya a ƙofar gidansa a ɗauke shi hoto, ya dawo ya toshe bakin 'yan hassada.

Ya samu gidan, har ya fi hoton kyau. Wata tsohuwa 'yar haya tana shara a ƙofa. Auta ya ƙanƙan da kai, ya ce ɗaki yake nema, don ya ji yadda ake yabon mai gida a bayan idonsa.

Tsohuwar ta daɗe tana kallon fuskarsa.

"Ba ɗaki, ɗan nan. Amma shigo ka sha ruwa."

"An ce mai gidan babban mutum ne," in ji Auta, yana gyara kwalar riga.

"Wa ya sani? Wani ne daga nesa. Ya saya ko leƙowa bai yi ba."

Auta ya shiga, ya juya zai rufe ƙyaure. Ya lalubi sakata a sama, bai same ta ba. Ya sauke ido. Tana can daidai gwiwarsa.

"Haka marigayi ya kafa su duk," in ji tsohuwar, tana miƙo masa kofi. "Kafinta ne, shi ya gina gidan da guminsa. Shekara ashirin babban ɗansa na karɓar haya kafin ya sayar."

Auta bai karɓi kofin ba.

"Ai ba ma nasa ba ne, na autan ne, shi uban ya gina wa, a gabanmu ya faɗa. Allah Ya jiƙan yaro. Yayan ya ce mana ko arba'in ɗin uban bai kai ba, shi ma ya rasu."